Farfaɗo da Murjanin da Aka Yi Wa Sakaci a Tankin Ruwan Gishiri na Gida

Gabatarwa

A ƙasar Hausa in an ambaci murjani, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne jan dutsen adon nan da mata ke ratayawa a wuya, wanda fatake suka riƙa kawowa daga Bahar Rum ta hanyar Sahara. Alhazan da suka tafi Makka ta ƙasa a zamanin da kuwa sun ga wani irin murjanin dabam, domin gidajen Sawakin da na tsohon garin Jidda da tubalinsa aka gina su. Amma ba kowa ya san cewa da dutsen adon da tubalin ginin duka aikin wata ƙaramar dabba ce ta cikin teku ba.

A Turai da Amurka da ƙasashen Asiya akwai mutane masu yawa da ke kiwon wannan dabba da ranta a cikin gidajensu, a tankin gilashi mai ruwan gishiri. Kiwo ne mai bukatar kulawa kullum. Sau da yawa rashin lafiya, ko doguwar tafiya, ko ƙarancin kuɗi, kan sa mai tanki ya yi watanni bai waiwaye shi ba. In ya dawo sai ya tarar ruwa ya yi rawaya, gansakuka ta lulluɓe duwatsu, murjanin kuma ya koɗe ko ya ƙanƙance. Manufar wannan lacca ita ce bayyana abin da ke faruwa a cikin irin wannan tanki, da yadda ake gane mai sauran rai daga matacce, da matakan da ake bi a ceto shi. Batun ya wuce sha'awa kawai, domin wani kashi na murjanin da ake sayarwa daga teku ake ciro shi, ga shi kuwa na tekun ma yana ta raguwa.

Mece Ce Dabbar Murjani?

Masanan Turai sun daɗe suna ɗaukar murjani a matsayin tsiro. Sai a shekarun 1720 wani likita Bafaranshe, Jean-André Peyssonnel, ya nuna cewa abin da ake zato furanni ne, ƙananan dabbobi ne. Kowace ɗaya, wadda ake kira folif, kamar 'yar jaka take, da baki ɗaya a sama, kewaye da 'yan yatsu masu harbi da take kama abinci da su. Dubbansu kan zauna a haɗe, nama ɗaya ya lulluɓe su. Masu ƙashi daga cikinsu suna tsamo sinadarin kalsiyam da na kabonet daga ruwa su gina ƙwarangwal a ƙarƙashinsu, daga irin sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai. Naman da ke da rai siriri ne ƙwarai, a wasu jinsunan kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba.

Sirrin rayuwar murjanin da ke gina tsibirai shi ne wasu tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya, da ake kira zuzantela, waɗanda ke zaune cikin namansa. Su ne ke amfani da haske su haɗa sukari, su ba mai masaukinsu, har yakan sami kusan kashi 90 cikin 100 na abincinsa daga gare su. Shi kuma ya ba su mafaka da taki daga dattin jikinsa. Jan murjanin ado na Bahar Rum ba shi da waɗannan baƙi, shi ya sa yake iya zama a kogunan dutse da zurfin da haske bai cika kaiwa ba. Na tankin gida kuwa galibinsu da haske suke rayuwa.

Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka yana da saurin lalacewa. In zafin ruwa ya haura abin da aka saba da digiri ɗaya tak na tsawon makonni, ko haske ya yi yawa farat ɗaya, sai tsirran su fara fitar da sinadarai masu cutarwa, murjanin ya kore su. Daga nan namansa ya zama garai-garai, ana hango farin ƙashi ta cikinsa. Wannan shi ne koɗewa. Ta auku a tekunan duniya baki ɗaya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017, sa'an nan a watan Afrilu na 2024 hukumar kula da teku da sararin samaniya ta Amurka ta tabbatar da aukuwar ta huɗu. Abin da ke faruwa a babban shingen murjani na Ostareliya, mai tsawon kilomita kusan 2,300, shi ne ke faruwa a tankin lita 200, sai dai a tanki ya fi sauri.

Yadda Aka Koyi Kiwonsa

An buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a Landan a 1853, amma an shafe fiye da shekara ɗari kafin a iya riƙe murjani mai ƙashi da rai na dogon lokaci. A farkon shekarun 1960 Lee Chin Eng, a Indunusiya, ya nuna amfanin sa dutsen teku mai ɗauke da halittunsa a cikin tanki. A shekarun 1970 Peter Wilkens ya yaɗa dabarar ƙara ruwan farar ƙasa domin mayar da kalsiyam da murjani ke sha. Masu kiwo na birnin Balin suka haɗa waɗannan da haske mai ƙarfi da na'urar kumfa, wadda ke kwashe datti kafin ya ruɓe, har a shekarun 1980 Dietrich Stüber ya ga murjanin Akrofora yana girma a tankinsa. Darasin wannan tarihi guda ne: tanki ba shi da igiyar ruwa mai wanke shi kamar teku, don haka duk abin da teku ke yi, mai kiwo ne zai yi shi da hannunsa.

Abin da Sakaci Ke Haifarwa

Ɓarnar farko daga ƙafewar ruwa take. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. In ruwa ya ƙafe, gishirin ba ya tashi tare da shi. Ga misali, tanki mai lita 200 in ya rasa lita 20 ba a cike ba, gishirinsa zai tashi daga 35 zuwa kusan 39. Wannan yana tsotse ruwa daga jikin dabbar, ta kasa buɗewa.

Ta biyu ita ce ƙarewar kayan gini. Ruwan teku yana da kalsiyam kimanin miligiram 420 a lita, da magnisiyam kusan 1,300, da ƙarfin kabonet wajen 7 a ma'aunin da ake kira dKH. Murjani yana cin waɗannan kullum. Kabonet ne ke saurin ƙarewa domin shi ne mafi ƙaranci, kuma in ya yi ƙasa sai girma ya tsaya, tsamin ruwa ya riƙa hawa da sauka tsakanin dare da rana.

Ta uku ita ce taruwar taki. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, bakteriya su juya ta zuwa naitiret, fosfet kuma ya taru a gefe. Gansakuka mai gashi da wata jar yauƙi sai su sami abin da suke so, su haye kan murjani, su tare masa haske, su ci gefen namansa. Tsirran da ke cikin jikinsa su ma sukan yi yawa fiye da kima, launinsa ya koma ruwan ƙasa. Fosfet har wa yau yana hana ƙashi ƙulluwa, kuma yana maƙalewa a jikin duwatsu da yashi.

Ta huɗu ita ce gajiyar na'urori. Injin motsa ruwa kan toshe, alhali murjani ba ya iya matsawa daga inda yake, ruwan da ke wucewa ne ke kawo masa iskar shaƙa ya kwashe masa datti. Dogon ƙwan fitila yana dusashewa tun kafin ya mutu, shi ya sa ake canja shi kusan duk shekara. Gishiri ya bushe a kan murfi, ruwa ya yi rawaya, haske ya ƙara raguwa. Ta biyar kuwa ita ce yaɗuwar 'yan kutse, musamman wata dabba mai harbi da ake kira Aftasiya, da tsutsotsi masu faɗi da ke cin naman Akrofora.

Akwai abu guda da ya wajaba a riƙe: duk wannan lalacewa a hankali ta auku, kuma murjanin da ya rage ya saba da ita gwargwadon iyawarsa. Mai tankin da ya tashi da nadama ya zubar da ruwa duka, ya sa sabuwar fitila, ya zuba magunguna a rana ɗaya, shi ne yakan ƙarasa abin da sakaci ya bari.

Rarrabe Mai Rai da Matacce

Fari ba mutuwa ba ne. A duba murjanin da ya koɗe da tabaron ƙara girma, ko da tocila bayan an kashe fitilu da dare. In an ga siririn nama a kan ƙashi, ko 'yan yatsu suna leƙowa, to yana da rai, yunwa ce ke damunsa. In kuwa ƙashin ya fito tsirara, ramukansa da kaifinsu a fili, to nan wurin ya mutu, kuma cikin 'yan kwanaki gansakuka za ta rina shi kore ko ruwan ƙasa. Murjani mai laushi, marar ƙwarangwal, yakan tsuke ya yi kwana da kwanaki a rufe, wani ma ya yi saɓa kamar maciji. Muddin jikinsa da tauri, ba ya wari, ba ya narkewa in an taɓa, a ƙyale shi.

Kada a yi saurin zubar da ƙwarangwal. A daren 31 ga Disamba 1987 ambaliyar ruwan sama ta kwarara cikin mashigin Kaneohe a Hawai, ta kashe murjani mai yawa. Daga baya masana suka ga 'ya'ya suna tsirowa a kan ƙasusuwan wani murjani mai siffar faifai, mai suna Funjiya, waɗanda aka ɗauka sun mutu. Ashe ɗan nama ya ɓuya a cikin tsagogin ƙashin. Masu kiwo sun sha ganin haka a tankunansu bayan watanni.

Abu biyu ne kawai ba sa jira. Ɗaya shi ne saɓulewar nama daga ƙashi, wadda kan cinye reshen Akrofora cikin kwana ɗaya ko biyu. Ɗayan kuma wata yauƙi ce mai ruwan ƙasa da ke kama masu manyan folif, tana kuma yaɗuwa. A nan sai a fitar da murjanin, a yanke ɓangaren da ke lafiya nesa kaɗan da bakin ciwon, a manna shi a sabon dutse, a jefar da sauran.

Matakan Farfaɗowa

Mataki na farko shi ne awo da rubutu. Kafin a taɓa kome, a auna zafi, da gishiri, da kabonet, da kalsiyam, da magnisiyam, da amoniya, da naitiret, da fosfet, a rubuta a littafi da kwanan wata. A tabbata kayan awon ba su tsufa ba, domin awon ƙarya ya fi rashin awo haɗari. A ɗauki hoton kowane murjani, saboda ido ba ya lura da canjin da ke zuwa a hankali.

Na biyu, a gyara abin da ke kisa nan take. A cire mataccen kifi da duk abin da ke ruɓewa. A wanke injin motsa ruwa, a karkata ɗaya sama domin fuskar ruwa ta riƙa motsi, iska ta shiga. A tsayar da zafi tsakanin digiri 24 da 27 na Santigiret. A ƙasashe masu zafi wannan yana nufin na'urar sanyaya ruwa, kuma inda wutar lantarki ba ta tsayawa lalle ne a tanadi batir, domin iskar shaƙa kan ƙare cikin 'yan sa'o'i in ruwa ya tsaya cik.

Na uku, gishiri. In ya yi yawa, a riƙa ƙara ruwa marar gishiri kaɗan-kaɗan, kada saukar ta wuce kamar giram ɗaya a lita kowace rana. Ruwan kuwa ya zama tatacce sarai. Na famfo yakan zo da kulorin ko fosfet, wani lokaci da ɓurɓushin jan ƙarfe daga bututu, wanda ko ɗan kaɗan ne yana kashe murjani da dodon koɗi.

Na huɗu, canjin ruwa. A haɗa sabon ruwa da gishirin da aka yi musamman domin wannan kiwo, ba na miya ba, a bar shi yana juyawa har ya narke sarai, a daidaita zafinsa da na tanki. A canja kashi 10 cikin 100 a lokaci guda, sau ɗaya ko biyu a mako. Lissafi ya nuna cewa bayan canji bakwai irin wannan, ƙasa da rabin tsohon ruwan ne zai rage. A kowane canji a zuƙe datti da tiyo daga wani yanki ƙarami na yashi. Kada a birkita yashi mai zurfi gaba ɗaya, domin a ƙarƙashinsa akan sami iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce. In an ga fosfet ya sauka ya sake hawa, kada a karaya: duwatsu ne ke amayar da wanda suka sha, kuma wannan kan ɗauki watanni. Ba a kuma son a kai shi sifiri. Naitiret tsakanin miligiram 2 da 10, da fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, sun wadatar, domin tsirran cikin murjani su ma suna bukatar taki.

Na biyar, mayar da kayan gini. A fara da magnisiyam, domin shi ne ke hana kalsiyam da kabonet haɗuwa su zube kamar garin alli. Sa'an nan a ɗaga kabonet, kada ya wuce 1 dKH a rana, har ya kai 7 zuwa 9, kalsiyam kuma 400 zuwa 450. Sinadarin da ake amfani da shi dangin kanwa ne, amma kanwar kasuwa tana da ƙasa da wasu gishirai a cikinta, ba ta dace ba. Tsayuwar awo wuri ɗaya ta fi cimma wata lamba muhimmanci.

Na shida, haske, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Murjanin da ya yi watanni a duhu-duhu ya ƙara yawan launin da ke kama haske a jikinsa, kamar mutumin da idonsa ya saba da ɗaki mai duhu. In an goge gilashi, an sa gawayin tace ruwa, an kuma canja fitila duk a mako guda, hasken da zai same shi yana iya ƙona shi. Sai a fara da kusan rabin ƙarfin sabuwar fitila, ko a saukar da murjanin ƙasa, a riƙa ƙarawa kaɗan duk mako har wata ɗaya ko biyu.

Na bakwai, gansakuka da 'yan kutse. A tsige gansakuka da hannu, a goge gefen murjani da buroshi mai laushi, sa'an nan a sa dodon koɗin teku su riƙa kiwon abin da ya sake tsirowa. Kada a kankare Aftasiya, domin kowane guntu yana iya zama sabuwa. Akan kashe ta ɗaya bayan ɗaya da kunun farar ƙasa, ko a sa halittun da ke cin ta. Murjanin da ke da tsutsa akan tsoma shi cikin maganin wanka a wani kwano dabam, a maimaita duk mako, saboda maganin ba ya kashe ƙwai.

Na takwas, ciyarwa. Murjanin da ya koɗe ya rasa manomansa, bakinsa kaɗai ya rage masa. A ba shi ƙananan halittun ruwa ko niƙaƙƙen naman jatan lande, sau biyu ko uku a mako, da dare lokacin da yatsunsa ke waje, a tsayar da injin motsa ruwa na 'yan mintoci. Kada a cika, domin ragowar ita ce takin gansakuka. Da wannan taimako 'yan tsirran da suka rage a jikinsa sukan hayayyafa su sake cika shi.

Haɗarin da Ke Kan Mai Kiwo

Wasu daga cikin waɗanda suka fi jure sakaci, watau dangin Falitowa masu kama da ƙananan furanni, suna ɗauke da dafin falitoksin, wanda aka fara ware shi a Hawai a 1971, kuma yana cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani. A tankin da aka yi wa sakaci sukan mamaye duwatsu, mai gyara kuma ya so kawar da su. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutanen da suka kamu da zazzaɓi da ƙuncin numfashi a Alaska tsakanin 2012 da 2014 bayan sun yi hulɗa da irin wannan murjani a gidaje da kantuna. Saboda haka kada a tafasa dutsen tanki, kada a zuba masa ruwan zafi, kada a kankare shi a busasshe. A sa safar hannu da tabarau, a nisantar da yara. Wanda ya ji ɗaci a baki, ko zafin ido, ko ƙuncin ƙirji bayan aiki, ya tafi asibiti nan da nan ya faɗi abin da ya taɓa.

Alamun Samun Sauƙi

Alamar farko ita ce buɗewar folif da karɓar abinci, wadda akan gani cikin mako ɗaya zuwa uku. Sai gefen nama ya daina ja da baya. Launi yakan dawo ruwan ƙasa tukuna, kafin kore ko shuɗi su biyo baya. Daga ƙarshe sai a ga farin baki a kan rassa, watau sabon ƙashi, kuma awo ya nuna kabonet yana raguwa da sauri fiye da da. Wannan raguwa albishir ce, domin gini ya koma. Masu laushi sukan warke cikin makonni, masu manyan folif cikin wata biyu zuwa shida, masu rassa kuwa har shekara. A duk wannan lokaci kada a ƙara sabon kifi ko sabon murjani.

Kammalawa

Farfaɗo da murjani aiki ne na awo, da jerin matakai, da haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa. Ba duka za su tsira ba, amma guntun nama da bai fi ƙwayar gero ba yana iya sake rufe dutse. A kan wannan hali na dabbar ne David Vaughan ya gina dabarar yanka murjani ƙanana-ƙanana a cibiyar binciken teku ta Mote a Fulorida, domin ya yi saurin girma a mayar da shi teku. A 2013 kuma Jamie Craggs, a gidan tarihi na Horniman a Landan, ya sa murjani ya saki ƙwai a cikin tanki ta hanyar kwaikwayon yanayin shekara da hasken wata. Wasu daga cikin dabarun da waɗannan masana ke aiki da su daga hannun masu kiwon gida suka samo asali.

Cinikin murjani mai ƙashi tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973, kuma kowane reshe da aka ceto a tanki ragi ne ga abin da za a ciro daga teku. Wanda kuwa ya ga ba zai iya ci gaba da kulawa ba, mafi alheri shi ne ya miƙa dabbobin ga wani mai kiwo tun suna da sauran ƙarfi, kada kuma ya kuskura ya zuba su a teku, domin baƙon jinsi da cutar da yake ɗauke da ita suna iya halaka na gida.